Injin Firigo a Bokiti, Daga Matameye Zuwa Kano

Zali, Hadiza, da ke Nana mai aiko mini saƙon murya tun kafin in wanke ido: na gaji. Tun da na dawo ba wadda ta ce mini ya gajiyar hanya, sai "ya Kano?", "me kika gani?", "wai da gaske bokiti kika rungume har can?" To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta, kada a ƙara tare ni a bakin famfo. E, bokiti na runguma. Ga dalili.

Kun san Lawali ya tafi ci-rani Kano bayan girbin bara, lallen aurenmu bai daɗe da fita ba. Ya ce da ruwan fari zai dawo, kamar kowa. Ruwan fari ya sauka, mazan unguwa suka dawo da buhunansu da rediyoyinsu, nawa shiru. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka maimaita, ƙannensa ne a gonar. In ya kira sai ya ce, "Aikin ne bai ƙare ba, Ramatu. Ya gida?" In ce lafiya lau. Me zan ce, Inna mahaifiyarsa tana tsaye a kaina tana jiran a miƙa mata wayar?

Aikin nasa kuma ban taɓa gane shi ba. Ya ce wani Injiniya ya ɗauke shi, suna auna kuran, lantarki dai. Na ce kuran kuma hatsi ne da za a auna shi? Ko dai akwai, ko babu. Ya yi dariya, kuɗin wayar suka ƙare.

Ana cewa kuran ɗin garinmu daga Najeriya yake zuwa. Ban san ta wace hanya ba, ban kuma tambaya ba. Amma in magariba ta yi, ampul ɗin ɗakina, ƙwan fitilar nan, ya yi ja, ya dushe kamar zai mutu, sannan ya farfaɗo, sai in tsaya ina kallonsa ina cewa daga wajensu yake. Ku yi dariya in kun so.

Sai firigona ya mutu karo na biyu. Babban nan da nake ƙanƙara da zoɓo da shi. Mai gyara ya ciro injinsa, baƙi ƙirin mai nauyi kamar turmin ƙarfe, ya ce ya ƙone, a sayi wani. Na ce wancan ma haka ka ce, aka saya, ga shi. Ya ɗaga kafaɗa. A ranar na samu Inna, surukata, na ce zan kai wa Lawali injin ya duba, tunda shi ne masanin kuran. Ta dube ni, ta dubi injin. Ba ƙaramar yarinya ba ce, ta san ba injin ne zai kai ni Kano ba.

"Indo za ta saro atamfa jibi," ta ce. "Ki bi ta. In kin gan shi ki ce masa gero ya shiga rumbu ba hannunsa."

Gwaggo Indo ƙanwar mahaifin Lawali ce, ta yi shekaru tana wannan hanya. Muka kama mota da sassafe. Abin da ya fara ɓata mini rai, motar cike take da 'yan ci-rani. Sun gama girbi, za su koma. Su sun zo har za su sake tafiya, nawa bai ma zo ba. Wani yaron mota ya ce a ɗora bokitin da na saka injin a sama tare da raken da na ɗauro wa Lawali, na ce a cinyata zai zauna. Ya ce, "Zinariya ce?" Na ce ina ruwanka.

A Ɗan Barto aka ce kowa ya sauko. Wani ɗan duwan siriri, cikin masu binciken kaya a iyaka, ya ɗaga tsumman da na rufe bokitin, ya leƙa.

"Madam, mene ne wannan?"

"Gawa ce."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya har yau akwai wurin. Shi kuwa dariya ya yi, ya kira abokinsa ya zo ya gani. "Kowa sabon kaya yake shigowa da shi, ke matacce za ki fitar? Can za a binne shi?" Na ce likita zan kai wa. Suka ce Allah ya ba shi lafiya, suka mayar mini da kartina na shaida da suka karɓa.

A ɓangaren Najeriya wata mata mai kaki ta yi mini tambaya da Ingilishi. Na amsa mata da Faransanci, ai ni ma na yi karatu a lakwal har na ci jarrabawar birbe. Muka tsaya muna kallon juna. Sai ta ce, "Ke, ina za ki?" Na ce, "Kano, wajen mijina." Ta ce, "To da ki faɗa mana." Daga baya na ji tana waya da Hausa irin ta kakata.

Tsakanin Daura da Kazaure motar ta faɗa wani rami, bokitin ya karkace. Ashe akwai sauran mai a cikin injin. Ya tsiyayo baƙi, ya bi zanena, ya sauka a kan farar rigar wani Alhaji da ke gefena, wanda tun daga tasha yake ba mu labarin ɗaurin auren da za shi. Na ba shi haƙuri iyakar iyawata, wadda kun san ba ta da yawa. Sai da muka kusa Kano ya juyo ya ce, "'Yata, mijin nan naki, Allah ya sa ya cancanci rigata."

Kano ba zan tsaya kwatanta muku ba. Mutane ne da hayaƙi da ƙaho. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙarar gurup, su janareta suke cewa, kowane shago da nasa, suna ta gurnani kamar ana faɗa. Kuran kuma wuta suke ce masa. Ranar farko na ji an yi ihu "an kawo wuta!", yara suna tsalle, na ɗauka gobara ce.

Lawali ya tarye mu a tasha. Ya rame, ya yi baƙi, ya sa wata riga mai aljihu da yawa. Duk maganganun da na shirya tun daga Matameye suka gudu. Gaban Gwaggo ne, ba damar komai. Ya ce, "Kun sha hanya." Na ce, "Ga injin." Ya karɓi bokitin, hannunsa ya taɓa nawa a marikin. Abin da na samu ke nan a ranar.

Don ashe ba shi da ɗaki. A shagon Injiniya yake kwana, shi da wasu maza biyu, tsakanin wayoyi. Gwaggo ta wuce masaukinta na kasuwa, ni aka kai ni gidan Injiniyan, wajen matarsa. Na durƙusa na ce, "Ina wuni, Hajiya." Ta ce, "Kai, kada ki tsufar da ni. Anti za ki ce." A can kowace mace Anti ce, ko ta haife ka. Mace ce mai ƙiba mai son dariya, ta ba ni katifa a ɗakin 'ya'yanta. Na zo daga wata ƙasa don in ga mijina, aka raba mu da titi uku.

Abincinsu ba laifi. Gurasa da ƙuli na so ta. Burodinsu zaƙi gare shi kamar na biki, taushi kamar auduga, ka ci ka ci ba ka san ka ci ba. Shayi kuwa abin tausayi ne: kofi kamar na wanka, ruwa da madara. Na tambayi Anti ina ƙaramin kofi da gawayi, ta ce wannan ai na Buzaye masu gadi ne. Na ba ta rake biyu daga na Lawali. Ta sha ta ce nasu ya fi. Ƙarya take, ta shanye duka biyun.

Washegari na ce sai na ga aikin nan da ya fi gona, ya fi Inna, ya fi ni. Na ƙarshen a zuciya na faɗa. Injiniya, dattijo ne gajere mai tabarau a goshi, ya ce in zo. Aka sa mini hular roba mai tauri a kan hijabi, muka shiga wani wurin casar shinkafa da injinansa ke yawan lalacewa, mai wurin ya rasa dalili.

A jikin bango, cikin akwatin ƙarfe inda manyan wayoyi suke shigowa, an rataye wani ƙaramin akwati rawaya. Wayoyi sun fito daga jikinsa, kowace da baki kamar na kada, sun cije wayoyin gidan. Yana da ɗan gilashi kamar na salula, da wata 'yar fitila kore tana ƙiftawa.

Lawali ya danna, wani layi ya fito yana hawa yana sauka kamar igiya in an kaɗa ta.

"Wannan ita ce wutar," ya ce. Har ya koma cewa wuta. "In tana lafiya, haka za ki gan ta, sumul, ƙarfinta kusa da ɗari biyu da ashirin. An yarda ta ɗan hau ko ta ɗan sauka, kamar kashi ɗaya cikin goma. In ta wuce nan, akwatin ya rubuta: yaushe, ta kai ina, ta daɗe ko ba ta daɗe ba."

Ya nuna mini kala-kala. Akwai wadda take faɗuwa ta tashi kafin ka ƙifta ido. Akwai wadda take tsalle sama ta soya abin da ta samu. Akwai wadda ƙarfinta daidai ne amma igiyar ta yi ƙudundune, ba ta sumul, wai wasu injina ne ke ɓata ta su mayar wa maƙwabta. Akwai kuma inda wayoyi uku suke shigowa, ɗaya ta fi sauran ɗaukar kaya. Yana magana hannunsa yana bin layin, idonsa yana haske. Rabona da ganin idonsa haka tun muna zance a ƙofar gidanmu. Na ji haushi, na kuma ji wani abu da ba haushi ba.

Na ce, "To yanzu me ya nuna? Ga shi lafiya lau."

Injiniya ya sauko da tabaransa. "Yanzu lafiya lau. Da haka ake ganewa, da ɗan mitar aljihu ya ishe ni, in taɓa in tafi. Wuta ba ta nuna halinta don an leƙo ta, 'yata. Sai akwatin ya kwana ya tashi da ita mako guda cur. Ya ga safiya da ake tada injina, ya ga la'asar, ya ga Juma'a da ake rufewa, ya ga Lahadi. Sannan mu zauna mu duba: sau nawa ta fita daga iyaka, kuma laifin daga waje yake ko daga cikin gida."

"Mako guda don kuran?"

"Kwana shida ma ba na karɓa."

Na ce a raina shi ya sa aikin ba ya ƙarewa. Kowane gida mako, ga Kano ba ta da ƙarshe.

Da yamma a shago Lawali ya yanka injin firigona ya buɗe. Wayoyin tagullan ciki sun yi baƙi, sun manne. Ya shinshina, ya miƙa wa Injiniya, shi ma ya shinshina kamar masu sayen daddawa.

"Ba ɗaukewa ce ta kashe shi ba," in ji Lawali. "Ba kuma tsalle ba. Wannan a hankali ya dahu. In wuta ta yi rauni, injin yana so ya tashi ya kasa, ya yi ta nishi yana zafi. Kina jin yana ƙugi ya yi shiru, ya sake?"

"Kullum."

"Ampul yana ja?"

"Kullum da magariba. Da safe ma wani lokaci."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ka tambaya?"

Ya ce to in na sayi sabo ma haka zai mutu, sai an san abin da ke faruwa a layinmu. Zai ba ni wata na'ura mai daidaita wuta in tafi da ita a gwada, in ya samu sarari ya zo ya duba. In ya samu sarari. Nan na ji kaina ya ɗau zafi kamar injin.

Ban yi magana a shagon ba, akwai maza. Sai da ya rako ni gidan Anti, muka tsaya a soro, ana kiran magariba. Na ba shi saƙon Inna na gero. Ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ma yana so ya zo, amma sana'a ce yake koya wadda ba wanda ya iya ta a garinmu, in ya saki yanzu wani zai hau wurinsa. Ya ce, "Kuma ai kullum na kira kina cewa lafiya lau."

Na ce, "Lawali, kai ne yau ka tsaya gaban mutane kana cewa ba a gane kuran da leƙe ɗaya. Sai an kwana an tashi da shi. Kuran ka ba shi mako. Ni kuma minti biyu a waya, Inna na tsaye, ka ce ka auna?"

Ban jira amsarsa ba, na shige ciki, na bar shi da rakensa a hannu. Na tarar da Anti a bayan ƙofa riƙe da buta, ko kunya ba ta ji ba. Ta ce, "Ke 'yar Nijar, bakinki da kaifi." Na ce haka aka haife ni. Ta ce, "Je ki ci abinci."

Ban san me ta gaya wa mijinta ba. Na dai ji muryarta ta tagar kicin bayan sallar asuba, tana cewa wani abu game da shekarar da shi ma ya tafi Legas ya bar ta da goyo. Da hantsi Injiniya ya kira mu shago. Ya ciro wani tsohon akwati daga ƙasan tebur, irin rawayan nan amma ya koɗe, an ɗaure murfinsa da roba.

"Ni ba na ba da magani ban ga ciwo ba," ya ce, bai dubi kowa ba. "Na'urar da ka ce za ka ba ta, ka san ko ita ce ta dace? Ba ka sani ba. Je ka ɗaura wannan a gidanku. Amma gobe ka juyo, ina da aiki jibi."

Na ce, "To in mako ya cika ni zan kwance in aiko da shi?"

Duk shagon aka yi dariya, har masu kwana cikin wayoyi. Ashe doka ce a wajensu, ba a taɓa karya ta ba: wanda ya ɗaura shi ne zai kwance. Shi ya san yadda ya juya bakin kowace waya, shi ya san abin da ya tarar, in an samu kuskure ba wanda zai ce wani ne ya taɓa. Injiniya ya ce ko ɗansa bai yarda ya kwance abin da wani ya ɗaura ba.

Haka muka dawo mu uku, Gwaggo da atamfofinta, ni da bokiti ba komai ciki, Lawali da akwati a cinya. Ɗan duwan nan siriri ya gane ni. Ya ce, "Madam, ya mai jiki?" Na ce ya rasu, amma na zo da likitan.

Inna ba ta ce masa komai ba sai "ka ci abinci?", ta shiga ɗaki ta daɗe. Shi kuma ya ɗaura akwatin kusa da kwantar mai ƙirga kuran, a bangon ɗakina, ya ce kada in taɓa, kada in goge masa ƙura. Da safe ya tafi.

Wannan makon ya fi damina duka tsawo. Da, ban san ranar zuwansa ba, sai in yi aikina. Yanzu na sani. In ina shara in ga 'yar fitilar kore tana ƙiftawa, in na idar da salla in gan ta. In ampul ya yi ja sai in ce mata, kin gani ko? Rubuta. Ki gaya masa. Har Inna ta kama ni ina yi wa bango magana.

Ya dawo ranar da ya ce, da kwamfutar shago a jaka. Muka zauna a tabarma ya buɗe. Ga makon nan nawa duka a zane. Kowace safiya layin yana faɗawa rami sau da yawa, daidai lokacin da Malam Idi mai niƙa yake tada injinsa, gida uku daga namu, ashe waya ɗaya muke sha. Kowace magariba kuma layin yana gangarowa ƙasa da iyaka ya kwanta a can har bayan isha'i, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, mu kuma mu ne a wutsiyar layi. Ranar Juma'a da safe, da Malam Idi ba ya niƙa, sumul. Ya ce sai a raba mu da layin mai niƙa, a sa abin da zai kashe firigo da kansa in kuran ya yi rauni, sannan a sayi inji. Ya daɗe yana kallon magaribobin nan guda bakwai a jere. Ya ce, "Kullum haka?" Na ce, "Kullum."

Malam Idi da ya ji an ambaci sunansa ya zo da faɗa, ya tafi yana roƙon a auna masa nasa, don shi ma injinsa ya taɓa ƙonewa. Lawali ya kira Injiniya. Injiniya ya ce tsohon akwatin ba ya buƙatarsa da gaggawa, in akwai masu so a Matameye ya tsaya ya yi, ya riƙa aiko masa da sakamakon suna dubawa tare. Ranar da masu so suka ƙare, akwati da mai akwati su koma Kano.

Yanzu akwatin yana bangon Malam Idi. Bayan shi akwai mai kemis na bakin kasuwa, sai tela ɗaya da ya ce zai yi shawara. Daga nan babu kowa. Lawali bai san na sani ba, amma jakarsa tana bayan ƙofa, bai kwance ta duka ba.

To Zali, na ga ampul ɗinku ranar sunan Hadiza, rawa yake. Nana, ke kika ce mini talabijin ɗinku ya yi wari ya mutu. Kun sha labari, kun yi dariyar bokiti. Ku yi wa mazanku magana yau, ba gobe ba. Kowane gida mako guda ne.